Sun ce ina wanke mazinaci: yaya zan rubuta Kabiru ya zama mutum?

Maman Ilham, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga ni a rubutu da waɗanda suka riga ni a zaman aure.

Wata takwas ke nan ina rubuta wani labarin soyayya, ina sakin sa babi-babi a wani zauren WhatsApp. Koyarwa nake yi a firamare a nan Jos, don haka sai bayan isha'i, yara sun kwanta, nake lulluɓa da bargo in ɗauki waya in yi ta dannawa har yatsuna su sandare don sanyi. Gajerun labarai na saba yi, irin waɗanda mata ke turawa gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016. Wannan ne karo na farko da na ɗauko dogon labari, kuma a babi na 24 abin ya cije mini.

Mutum uku ne a ciki. Hauwa, matar aure mai 'ya'ya uku a unguwarmu. Mijinta Kabiru, ma'aikacin gwamnati a Abuja, yana kwana a ɗaki ɗaya a Mararaba, sai bayan mako biyu yake shigo mota ranar Juma'a ta Keffi da Akwanga, ya iso Jos da daddare, Lahadi da la'asar ya juya. Sai Rabi, bazawara mai sayar da abinci kusa da ofishinsu. Abin da ya shiga tsakanin Kabiru da Rabi ya wuce gaisuwa, ya wuce zance, ya kai inda Allah ya hana.

Babi 23 na farko duk ta idon Hauwa na rubuta su. Masu karatu sun so abin, suna kuka tare da ita, suna tsine wa Kabiru. Amma da aka yi hutun makaranta na koma na karanta daga farko, sai gabana ya faɗi. Kabirun da na rubuta ba mutum ba ne. Shigowa yake yi ya daka tsawa, ya ture kwanon tuwo, ya fita yana amsa waya a ɓoye. Ba ya dariya, ba ya tsoro, kamar ba uwa ce ta haife shi ba. Na tambayi kaina, wannan ne Hauwa ta ƙi manema uku saboda shi? Me ta gani? In babu abin so a jikinsa, kukan me take yi har babi 23? Rabi kuwa ko fuska ban ba ta ba, daga bilicin sai ƙarin gashi sai taunar cingam.

Shi ya sa a babi na 24 na shiga zuciyar Kabiru. Na nuna yana ɗan shekara 14 lokacin da babbar kasuwar Terminus ta nan Jos ta ƙone a 2002, shagon yadin mahaifinsa na ciki. Ya ga yadda dattijon ya koma zaman tabarma a ƙofar gida, ba ya iya haɗa ido da 'ya'yansa in an taso da maganar kuɗin makaranta. Tun daga nan Kabiru ya ɗauka namiji ba ya faɗin damuwarsa, kawowa kawai yake yi. Ba ya iya ce wa Hauwa albashi ya ƙare tun 12 ga wata. Wurin Rabi kaɗai yake zama ba a tambaye shi komai ba, ta zuba masa shinkafa da wake ta ce, "Ci, ka biya in an yi albashi." Na kuma nuna shi da asubar ranar da abin ya fara faruwa, yana tsugune gaban bokitin ruwa, ana kiran salla, ya kasa miƙewa.

Daren da na saki babin nan ban runtsa ba. Wata ta ce ina wanke mazinaci. Wata ta ce da alama namiji ne ke rubutu da sunan mace. Mutum tara suka fice daga zauren. Wadda ta fi taɓa ni ta biyo ni ita kaɗai ta ce, "Anti, ni abin nan a gidana yake faruwa. Na zo nan in ji sanyi, sai ga shi kin sa ina tausayinsa."

Wallahi ba wanke shi nake yi ba, zina zina ce. Amma ba zan iya komawa ga wancan dodon mai ture kwano ba, don na san ƙarya ne. Ina iyakar take tsakanin nuna mutum da kare shi? In goge babin, ko in ci gaba?

Hajiyar Gangare:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Ni ba marubuciya ba ce, amma tun shekarun 1990 nake karatu, lokacin da muke karɓo hayar littattafan Kano a shagon unguwa, na ɗaya yau, na biyu gobe. Kada ki goge komai. Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba.

Shekarata 19 a gidan mijina na farko. Da mugu ne, da na huta tun da wuri. Wata Juma'a ya dawo daga tafiya, ina fitar da kayan jakarsa don wanki, sai na ga wata 'yar kula mai ruwan ɗorawa, ba tawa ba. An wanke ta tas, an sa ta a leda, an ƙulle bakin ledar ƙulli biyu don kada maiƙo ya taɓa masa riga. Ƙullin nan ne ya gaya mini komai. Namiji ba ya irin wannan ƙulli, kuma mai sayar da abinci ba ta damu da rigar mai saye ba. Na mayar da ita inda na gan ta, na je na dama masa kunun gyaɗa kamar kullum. Shi kuma ya zauna a tsakar gida yana rabon tsaraba, kowane yaro da tasa, har man zafin da mahaifiyata ke shafawa a gwiwa bai manta ba. Ina kallonsa yana wasa da autana, ina son sa, ina jin kamar in zuba masa kunun a ka. To wannan shi ne ciwon, kuma ban cika ganin sa a littafi ba. Kullum mijin littafi mugu ne tun shafin farko, har ki rasa abin da matar ta yi asara.

Inda zan kama ki shi ne Hauwa. Ban karanta ba, amma daga yadda kika kawo ta ina jin kin mayar da ita waliyyiya, daga kuka sai sallar dare. Macen da ake cin amanarta ba haka take ba. Ni a shekarar nan na doki ɗana na fari a kan kofin da ya fasa, dukan da sai da na nemi gafararsa bayan ya girma. Na ɗaure wa ƙanwar mijin fuska wata uku ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Na taɓa zuwa har ƙofar gidan wani mai duba, na tsaya da mayafina, Allah Ya taimake ni na juyo. Ki ba Hauwa irin wannan. In kika ba Kabiru zuciya kika bar ta fara tas, masu karatu za su ga kamar shi kaɗai kika damu da shi, shi ya sa suka yi miki ca.

Yarinyar da ta biyo ki kuwa, ki rarrashe ta. Tausayin da ta ji ba ke kika sa mata ba, da ma yana nan, shi ne ma ya hana ta barci.

Abu Khalil, Mararaba:

Malama, ɗan Rikkos ne ni, shekarata 11 ina aiki a Abuja, iyalina suna Jos. Rayuwar da kika ba Kabiru tawa ce, sai dai Allah Ya tsare ni daga ƙarshenta. Mararaba ma ba Abuja ba ce, jihar Nasarawa ce, tsadar haya ce ta koro mu nan. Ƙarfe biyar na asuba muke fita, in ka makara cunkoson Nyanya da Kugbo zai riƙe ka har rana ta take kafin ka ga shataletalen AYA. Ka dawo bayan isha'i, ɗaki ba kowa, sai katifa da risho da ƙarar janareton maƙwabta. Wannan ki sa shi, gaskiya ne.

Amma zan saɓa miki a kan gobarar Terminus. Mu nawa ne iyayenmu suka yi asara a gobarar nan? Mu nawa rikicin Jos na 2008 da na 2010 ya raba da gida da sana'a har muka fito neman abinci? Ba dukanmu muka faɗa ba. In kika tsaya a kan tarihin kawai, mai karatu zai ji kamar ƙaddara ce ta tura shi, kuma a nan ne suke da gaskiya da suka ce kina wanke shi. Abin da ya ɓace a babinki shi ne ƙaryar da yake yi wa kansa, kuma mu maza mun san ta: "Ai aurenta zan yi."

Tunda shari'a ta ba namiji dama har huɗu, da wannan maganar yake rufe kowane taku. Ranar da ya karɓi lambarta, aure zai yi. Ranar da ya ajiye lambar da sunan "Sani mai gyaran famfo", aure zai yi, lokaci ne bai yi ba. Ranar da ya fara goge saƙo kafin mota ta shigo Bukuru, don kwanciyar hankalin Hauwa ne wai. Amma ki duba, ya taɓa tambayar Rabi wane ne waliyyinta? Ya taɓa tura ko mutum ɗaya gidansu? Mai neman aure da magabata yake tafiya, da rana. Ki nuna mana ranar da Rabi ta ce kawunta yana Keffi, ga lambarsa, shi kuma ya ce to, ya sa takardar a aljihu, aka wanke rigar da ita. Daga nan babu mai cewa kin wanke shi, kuma bai zama dodo ba.

Ki ba shi abokin ɗaki ma. Na taɓa zama da wani shekara biyu, ina gani yana fita bayan isha'i da turare, matarsa tana kirana tana cewa, "Yaya, wayarsa a kashe, lafiya?" ina ce mata ba a kawo wuta ba. Sau huɗu na yi mata wannan ƙaryar. Auren ya mutu, kuma har yau in na shiga Jos ina kauce wa layinsu.

Ummu Hanan, Kubwa:

Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Anti, kin san su wa ke cikin zaurukan nan? 'Yan mata ne, wasu ko sakandare ba su gama ba. Kin nuna musu mijin wata yana shan wahala, ga mai abinci mai tausayi tana zuba masa bashi. Me kike zaton yarinya za ta ɗauka? Cewa in mijin wata ya zo mata da damuwa, taimako take yi. Ba banza ba aka tara littattafan soyayya aka ƙona a Kano a 2007, zamanin A Daidaita Sahu, shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya. Ban ce ƙonawar daidai ba ce, amma tsoron da iyaye suka ji na gaske ne, kuma yanzu babu ma littafin da za a ƙwace, yana cikin waya a ƙarƙashin filo.

Kuma Rabi ta san yana da mata ko ba ta sani ba? In ta sani, kada a zo mana da labarin maraici da talauci. Zawarawa nawa ke tashi ƙarfe uku na dare suna hura wuta, jami'an tsaftar birni suna kifar musu da tukunya, ba su taɓa kallon mijin kowa ba? Ni dai in za ki ci gaba, su ga sakayya tun a duniya, ƙarara, yadda ko yarinya za ta gane.

Malamin Islamiyya, Dilimi:

Malama Maman Ilham, Allah Ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki yanke. Damuwar Ummu Hanan tana kan hanya, amma maganinta ba a mayar da mai laifi dodo ba ne. Dalilina yana cikin abin da muke karantar da yara kullum.

Ku koma Suratu Yusuf, wadda aya ta 3 ta kira labarinta mafi kyawun labari. Matar Azizu matar aure ce da ta nemi wanda ya tashi a gidanta. A aya ta 23 ta kulle ƙofofi. Da asiri ya tashi tonuwa a bakin ƙofa, nan take ta juya laifin kansa, sai rigar da ta yage ta baya ta ƙaryata ta. Duk wannan an faɗa, ba a sassauta mata ba. Amma ba a tsaya nan ba. An nuna mana tsegumin matan gari ya dame ta, har ta shirya musu liyafa ta ba kowace wuƙa, suka yanke hannuwansu, don su ɗanɗana abin da take ji. An nuna ta tana barazana da kurkuku. Sannan bayan shekaru, a aya ta 51, a gaban sarki, da bakinta ta ce ita ce ta neme shi, shi mai gaskiya ne. Har aya ta 53, mai maganar cewa rai mai yawan umurni ne da mummuna, malamai sun yi saɓani kan wanda ya faɗe ta, kuma Ibnu Kasir ya rinjayar da cewa ci gaban maganarta ce. Ga so, ga makirci, ga girman kai, ga kunya, ga nadama, duk a mace ɗaya. Wa ya taɓa karanta surar ya fito yana ganin an halatta abin da ta yi?

Ku lura kuma da abin da aka rufe. An buɗe mana zuciya, ba a siffanta jiki ba. Marubutanmu da yawa a waya sun juya abin, ɗaki a buɗe shafi uku, zuciya ko layi ɗaya babu. Wannan ne ke lalata yara, ba tsugunon Kabiru gaban bokiti ba. Yarinyar da aka koya wa cewa mazinaci dodo ne ba za ta gane shi ba ranar da ya zo mata da sallama da ladabi da labarin gajiya.

Abu ɗaya zan ƙara saboda Hauwa. Aya ta 4 a Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, malamai kuma sun ce hukuncin ya haɗa namiji da mace. Hauwa ta sani a ranta, amma ba ta da abin da za ta ajiye a gaban surukai ko alƙali. In ta faɗa, a ce kishi ne. In ta yi shiru, yana cin ta. In ta nemi khul'i, a tambaye ta me ya rage ta da shi, ga abinci ga sutura. Nauyin labarinki yana nan, kada ki yi saurin wuce shi.

Maman Ilham, Unguwar Rogo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Kwana uku ina juya maganganunku kafin in amsa.

Ban goge babin ba, amma na sake shi. Gobarar na rage ta zuwa sakin layi biyu, na ba takardar kawun Rabi wurin. Yaya Abu Khalil, maganarka ce ta buɗe mini ido, da ma na ji akwai abin da ya yi sauƙi da yawa a babin, na kasa gano shi. Ga yadda ya koma:

"Ya laluba aljihun rigar bayan ta bushe. Takardar ta dunƙule ta zama kamar ƙullin kanwa, lamba uku kawai ake iya gani. Ya tsaya yana jiran ransa ya ɓaci. Bai ɓaci ba. Wani sauƙi ya ji yana sauko masa tun daga wuya, kuma sauƙin nan ne ya tsorata shi."

Anti Ummu Hanan, a kan Rabi kin yi gaskiya, ta sani. Zan sa ta ga hoton yaran a fuskar wayarsa tun ranar farko, har ta tambayi sunan ƙaramar. Zan ba ta ɗanta da ta bari wurin tsohuwarta, da bashin mai shinkafa, amma ba zan ɗauke mata sanin nan ba. Inda ba zan bi ki ba shi ne sakayya irin wadda muka saba, hatsarin mota a hanyar Akwanga ko ciwon da ya gagari asibiti. Mazan da na sani da suka yi wannan ba su yi hatsari ba. Abin da nake gani shi ne babbar 'yarsa, mai shekara 11, wadda ke rugowa ta karɓi jakarsa duk Juma'a, wata Juma'ar ta gaishe shi daga bakin ƙofar kicin ta koma ciki. Ban san ko zai ishe ki ba, amma ni da na rubuta shi sai da na ajiye wayar.

Malam, na karanta surar da tafsiri daren jiya, kamar ban taɓa jin ta ba. Hauwa kuma na fara ɓata ta kamar yadda Hajiya ta ce. A babi na 25 ta ɗauki wayar 'yarta ta kira Rabi da muryar mai neman a yi mata abincin suna, don kawai ta ji irin muryarta, daga baya ta huce a kan yarinyar. Hutu mai zuwa zan sauka wurin yayata a Nyanya, in je in zauna a rumfar masu abinci in ga hannuwansu da idona, don har yanzu Rabi ce ban gama gani ba.

Hajiya, ina roƙon arziki. Za ku ba ni kular nan in sa a labarin? Zan canza launinta da komai.

Hajiyar Gangare:

Na ba ki, 'yata, har ƙullin ledar. Launin ma bar shi, wanda zai gane ta ya rasu shekara shida ke nan, Allah Ya gafarta masa. Sai dai kada ki sa Hauwa ta yi kuka a wurin. Ni ban yi ba sai ranar Talata, bayan ya koma, ina zaune ina gyaran alayyafo, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce in ara mata kula.